"Doka ce": abin da na gano cikin wata takwas ina neman izinin buɗe asibiti

Shekara 11 na yi ina aiki a babban asibiti, kuma da wani ya tare ni a lokacin ya tambaye ni ko na san dokokin aikina, dariya zan yi masa. Ai a cikinsu nake kwana nake tashi. Kar ka rubuta wannan maganin sai manya biyu sun sa hannu, doka ce. Kar ka gaya wa dangin majinyaci komai, doka ce. Kar ka taɓa wanda aka harba sai ɗan sanda ya zo, doka ce. Haka muka tarar, haka muka riƙa koya wa na bayanmu. Sai da ni da wata abokiyar aikina muka yanke shawarar buɗe ƙaramin asibitinmu mai gado shida, ƙafa ta yi ta kai ni daga wannan ofis zuwa wancan har wata takwas, sannan na gane cewa da yawa daga abin da nake kira doka ba a rubuce yake a ko'ina ba, waɗanda kuma suke rubuce ban taɓa buɗe su na karanta ba. Dokokin aikin likita sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci ma daga jiha zuwa jiha, don haka ba jerin sharuɗɗa na zo in ba kowa ba. Ramukan da na faɗa zan nuna, domin duk abokin aikin da na ba labarin, ko a ina yake aiki, sai ya ce shi ma ya taɓa faɗawa irinsu.

Da hukumar rajistar likitoci na fara, kuma a tunanina aikin awa ɗaya ne: in karɓi takardar da ke nuna sunana yana cikin rajista in wuce. Na zauna a benci tun safe har bayan azahar. Da layi ya zo kaina, matar da ke teburin ta duba kwamfuta ta ɗago kai ta ce, "Likita, sunanka yana nan, amma lasisinka na bana ba ya nan." Na ce mata ai ni tsohon hannu ne, ga takardar kammala karatuna, ga ta cikakkiyar rajista. Ta ce duk ta gani, amma ba su ta tambaya ba. A nan ta warware mini abu uku da na daɗe ina cakuɗawa. Takardar jami'a shaida ce cewa ka yi karatu. Rajista shaida ce cewa hukuma ta karɓe ka cikin likitoci. Lasisi kuwa shi ne izinin taɓa majinyaci a wannan lokacin, kuma shi yana ƙarewa. A tsohon wurin aikina sashen mulki ne yake cire kuɗin daga albashi ya biya mana a dunƙule, ni ko ranar da ake sabuntawa ban sani ba. Da na ajiye aiki, babu wanda ya biya. Wata huɗu ke nan ina duba marasa lafiya jefi-jefi a asibitin wani abokina ba tare da lasisi mai rai ba. Sai da na ji gumi ya keto mini a zaune.

Biyan kuɗin da tarar jinkiri bai ba ni wahala ba. Abin da ya riƙe ni shi ne makin ƙaro ilimi, wanda dole ka tara kafin a sabunta maka. Na taho da takardun halartar taruka cike da ambulan ina taƙama, sai aka ware fiye da rabi gefe guda. Wai waɗanda suka shirya tarukan ba sa cikin waɗanda hukumar ta amince su bayar da maki. Ni a zatona duk taron da aka yi maganar cuta a cikinsa aka ba ka takarda mai tambari ya wadatar. Sati uku na yi ina bin kwasa-kwasan intanet da daddare kafin na cike giɓin. Abokiyar aikina kuma, wadda ta yi wasu shekaru tana aiki a wata ƙasa, nata cikas ɗin daban ne. An nemi takarda daga hukumar likitocin can mai nuna cewa babu wani hukunci ko bincike a kanta. Ta kawo ta da hannunta, a cikin leda, tana lallaɓa ta. Aka ce ba a karɓa daga hannun mai ita, sai dai hukuma ta aika wa hukuma kai tsaye, kuma ko da an karɓa ta riga ta tsufa. Irin wannan takarda gajeren rai gare ta. Hukumar likitocin Birtaniya, alal misali, wata uku kacal take ɗaukarta da inganci daga ranar da aka bayar. Muka sake nema, muka sake jira, sati shida.

Da lasisi ya fito na ɗauka an gama, tunda ni likita ne, sai in rataya allo in fara aiki. Ashe lasisin nawa ne, ba na gini ba. Ginin yana da tasa rajistar a ma'aikatar lafiya, kuma a nan ne muka yi asara mafi girma, da hannunmu. Tun kafin mu je ofishin, wani mutum da aka ce ya san kan hanya ya kawo mana jerin abubuwan da wai dole a mallaka: motar ɗaukar marasa lafiya, na'urar ɗaukar hoton ƙashi, ɗakin tiyata, ɗakin gwaje-gwaje, har da yawan bayi. Muka biya shi ladan wahalarsa, muka shiga neman bashi, muka ba da kafin alƙalami a kan wata tsohuwar mota, ga haya tana tafiya ba mu buɗe ƙofa ba. Ranar da na kai takardunmu, wani dattijon jami'i da ya kusa ritaya ya karɓi jerin ya duba, ya ce, "Wa ya ba ka wannan?" Na gaya masa. Bai ce komai ba, ya jawo durowa ya ɗauko wani ɗan littafi da gefensa ya lanƙwashe, ya buɗe shafukan ƙarshe ya tura mini. Asibitoci aji-aji ne, kowane aji da sharuɗɗansa. Jerin da muke ta fama da shi na babban asibiti ne. Ajinmu abin da ake nema shi ne rubutacciyar yarjejeniya da wani asibiti da zai karɓi wanda muka tura, da hanyar kai shi can. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ina ake samun littafin nan?" Ya ce yana shafin ma'aikatar na intanet, kyauta, shekara da shekaru. Kafin alƙalamin motar bai dawo ba har yau.

Aka sa mana ranar duba gini bayan sati biyar. Mun yi fenti, mun goge tayil, mun jera kujeru. Masu dubawa su uku suka zo, ba wanda ya kalli fentin. Ina kuke zuba allurar da aka yi amfani da ita? Wa yake kwashe sharar asibiti, ina yarjejeniyarku da shi? Ina lasisin kowace ma'aikaciyar jinya, ba na likitoci kaɗai ba? Yaushe aka duba tukunyar kashe gobara? Ina wurin wanke hannu a ɗakin duba marasa lafiya? Ta ina mai keken guragu zai shiga? Mun faɗi a abu huɗu. Haushi ya kama ni ranar, amma da na kwanta na yi tunani, babu ko ɗaya cikin huɗun da zan iya cewa ba shi da amfani. A babban asibiti duk waɗannan abubuwan wasu ne suke yinsu a bayan fage, likita bai ma san ana yi ba. Suka dawo bayan wata guda muka tsallake.

Ofishin da ya fi taɓa ni shi ne na hukumar da ke kula da magunguna masu sa maye. Na je ne da fargaba, domin a inda na fito, mofin, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, abu ne da ake ambata da rage murya. Ƙa'idar da na tarar ita ce sai manyan likitoci biyu sun sa hannu, kuma sai wanda aka fitar da rai da shi ake ba. Da daddare, in babu manya a kusa, sai a ba mai ciwon daji ƙaramin maganin da kowa ya san ba zai taɓa ciwon ba, a ce ya yi haƙuri zuwa safe. Na tambayi masaniyar harhaɗa magunguna da ta karɓe ni ko su wane ne za su zama masu sa hannu biyun a wurinmu, tunda mu biyu ne kawai. Ta ce, "Wane sa hannu biyu?" Na yi mata bayani. Ta girgiza kai ta ce ba ta san wannan a dokarsu ba, wataƙila wani shugaban asibiti ne ya ƙirƙiro bayan an taɓa yin sata, aka manta dalilin, ƙa'idar ta zauna. Ta ce duk likita mai lasisi yana iya rubutawa, in ya cika takardar yadda aka tsara. Abin da lasisin likita bai ba ni ba shi ne izinin sayowa da ajiyewa, wannan izini ne daban, kuma shi na zo nema. Sharuɗɗansa a fili suke: akwatin ƙarfe mai makulli a kafe a bango, littafin da ake rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita da sunan wanda aka ba, lissafin da dole ya daidaita ko yaushe aka zo dubawa, da shaida a duk lokacin da za a zubar da ragowa ko wanda ya lalace.

Daga baya na je na karanta tushen abin. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi, wadda muke ɗauka takobi ce a wuyan likita, tun a gabatarwarta ta ce amfani da waɗannan magunguna wajen rage raɗaɗi abu ne da ba makawa, kuma dole a tanade su don haka. Hukumar da ke sa ido kan yarjejeniyar, mai mazauni a birnin Biyana na ƙasar Austriya, ƙiyasin buƙatar kowace ƙasa take karɓa duk shekara. In likitoci ba sa rubutawa, ƙiyasin ya ragu, maganin ya yi ƙaranci, sai ƙarancin ya zama hujjar cewa ai an hana. Mofin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma tun 1986 hukumar ta fitar da matakai uku na magance ciwon masu cutar daji, wanda na ƙarshensu shi ne irin wannan magani. Duk na san wannan a matsayin ilimi, na ma amsa shi a jarrabawa. Ban taɓa haɗa shi da abin da muke yi da daddare ba. Akwai fuskoki biyu ko uku da suka dawo mini a hanyar komawa gida ranar, kuma ba zan ce sun tafi ba.

Sai maganar inshora. Na san tsohon asibitina yana da inshorar da ke kare ma'aikata in an kai ƙara kan kuskuren aiki, kuma a raina ta bi ni duk inda na je. Wakilin kamfanin ya ce ba ta wuce ƙofar asibitin ba. Duk wanda na duba a waje, ko da kyauta ne, a wuyana yake. Ya kuma koya mini bambancin da ban taɓa ji ba. Wata inshorar tana ɗaukar nauyin duk abin da ya faru a lokacin da kake biya, ko da bayan shekaru aka kawo ƙarar. Wata kuma sai in an kawo ƙarar kana kan biya. Ka daina yau, a kawo ƙara gobe kan aikin bara, babu ruwansu. Ta biyun ta fi araha da farko, shi ya sa mutane suke rungumarta ba tare da sun tambaya ba. Kamfanin ya ce kafin su sa hannu sai lauya ya duba takardun da za mu riƙa ba majinyata, kuma wannan zaman na awa biyu da lauya ya fi mini wasu darussa na shekara guda.

Na miƙa mata takardar amincewa da na kwafo daga tsohon wurin aikina, mai layi uku, wadda ke cewa majinyaci ya yarda a yi masa duk abin da likita ya ga ya dace, kuma ba zai kama kowa da laifi ba. Ta karanta ta ajiye ta ce, "Likita, wannan ba za ta cece ka a gaban alƙali ba." Ta ce sa hannu alama ce kawai cewa an yi magana, amincewar ita ce maganar. Ta kawo mini shari'ar Montgomery da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a 2015: mace mai ciwon suga, gajeriya, ɗauke da babban jariri, ba a gaya mata cewa akwai haɗarin kashi 9 zuwa 10 cikin 100 na maƙalewar kafaɗar jariri wajen haihuwa ba, don likitar tana ganin in aka gaya mata za ta zaɓi tiyata. Kafaɗar ta maƙale, yaron ya samu naƙasa. Kotun ta ce ma'aunin ba shi ne abin da likitoci suka saba faɗa ba, a'a, abin da mai hankali a matsayin wannan majinyacin zai so ya sani kafin ya yanke shawara. Hukuncin na Birtaniya ne, amma lauyar ta ce in duba inda iska take kaɗawa. Muka sake takardar, muka bar fili babba inda likita zai rubuta da hannunsa abin da ya bayyana, da zaɓin da ya gabatar, da abin da majinyacin ya tambaya.

Kan sirri kuwa, kuskurena ta fuska biyu ne. Ina ganin ba a gaya wa dangi komai, alhali in majinyaci yana cikin hayyacinsa kuma ya yarda, ko ya shigo da mutum ɗakin da kansa bai nuna ƙi ba, babu abin da ya hana. Ko a Amurka, inda ake yawan fakewa da dokar HIPAA ta 1996, mai kare bayanan lafiyar majinyaci, don a ƙi magana, dokar ta halatta yin bayani ga wanda ke kula da majinyaci in shi bai hana ba, ta kuma halatta likita ya tattauna da wani likita kan magani ba tare da rubutaccen izini ba. A ɗaya ɓangaren kuma, ina ganin da zarar mutum ya rasu sirrinsa ya faɗi, kowa a gidan yana iya zuwa ya ji. Alƙawarin Jeneba na Ƙungiyar Likitoci ta Duniya, wanda aka fara a 1948 aka sabunta a 2017, cewa ya yi likita zai riƙe sirri har bayan mutuwar majinyaci. Sannan akwai inda shiru ne laifin: cututtukan da doka ta ce a kai rahotonsu, da umarnin kotu. A ƙarƙashin Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na 2005, mutum ɗaya tak da aka samu da agana, ko shan inna na asali, ko sabon nau'in murar da bai saba kama mutane ba, ko cutar numfashi mai tsanani da ake kira SARS, dole ƙasa ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma wannan sarƙar daga teburin likitan da ya fara gani take somawa. Kowace ƙasa tana da nata jerin da ya fi wannan tsawo. Na nemo namu na liƙa a bango.

Na tambaye ta fayil na wa ne, domin mun saba cewa na asibiti ne, majinyaci ba ya gani. Ta ce takardar taku ce, amma labarin da ke ciki nasa ne, kuma a wurare da yawa yana da haƙƙin karɓar kwafi: a Amurka cikin kwana 30, a Tarayyar Turai cikin wata guda. Ta ƙara da cewa in rubuta kowane layi kamar mai shi zai karanta, kuma kar in taɓa goge kuskure. A ja layi ɗaya a kai, a rubuta gyara, a sa kwanan wata da hannu.

Zangon ƙarshe shi ne ƙulla yarjejeniya da kamfanonin inshorar lafiya don su riƙa turo mana masu katinsu. Nan ne na gane daga ina yawancin rubuce-rubucen da suka cinye mana rayuwa suke fitowa. Kowane kamfani da fom ɗinsa, da magungunan da sai an nemi izininsa kafin a rubuta, da wa'adin miƙa takardar neman biya. Ba ɗaya cikinsu da yake doka. Sharuɗɗan ciniki ne, in ka karya ba a biyanka, amma ba a kama ka, kuma ana iya zama a tattauna su. Mun sa an cire biyu. A tsohon asibitina duk an narkar da su cikin kalma ɗaya, wato "doka", har muna sake rubuta tarihin da nas ta riga ta rubuta, kalma da kalma, wai sai da hannun likita yake karɓuwa. Wannan ciwo ba namu kaɗai ba ne. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016 ya gano cewa duk awa ɗaya da likita ya yi da majinyaci, yana yin kusan awa biyu a kan kwamfuta da takardu. Hukumar da ke tafiyar da shirin inshorar lafiya na gwamnati mai suna Medicare a can ta fito a 2019 ta ce ba sai likita ya sake shigar da ƙorafi da tarihin da ma'aikaci ko majinyaci ya riga ya rubuta ba, ya duba ya tabbatar kawai. Wanda ya fi burge ni shi ne rahoton da wani likitan Amurka, Donald Berwick, da abokan aikinsa suka wallafa a 2017. An tambayi ma'aikata da majinyata a cibiyoyin lafiya 24 wace ƙa'ida za su karya in an ba su dama, aka tara 342. Da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, kashi 78 cikin 100 abubuwa ne da shugabannin asibitocin suke da ikon sauyawa da kansu, ba tare da an taɓa wata doka ba.

Mun buɗe a wata na takwas. A sati na biyu, wajen ƙarfe ɗaya na dare, aka shigo da wani saurayi jina-jina, an sare shi a cinya. Nas ɗin da ke aiki, wadda ta girme ni a aikin, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Likita, ba takardar 'yan sanda." Na ce ta kawo abin ɗaure jini. Da a bara ne da ni ma na tsaya, domin wannan tsoron ya fi kowanne yaɗuwa, kuma ƙasashe da dama sun yi doka musamman don kashe shi. Kotun Ƙolin Indiya ta yanke tun 1989 cewa ceton rai yana gaba da duk wata ƙa'idar 'yan sanda. Amurka tana da dokar 1986 da ta tilasta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin Medicare su duba duk wanda ya zo sashen gaggawa su daidaita shi, ko yana da kuɗi ko babu. Najeriya ta yi doka a 2017 da ta ce a yi wa wanda aka harba magani nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, sannan a sanar da ofishinsu mafi kusa cikin awa biyu da fara magani. Tsarin kusan ɗaya ne: a fara magani, a kai rahoto daga baya, a rubuta komai. Mun tsayar da jinin, mun kira 'yan sanda, mun tura shi asibitin da muke da yarjejeniya da shi. Da safe nas ɗin ta ce mini ba dokar take tsoro ba, wanda zai zo da kaki bai san dokar ba take tsoro. Gaskiya ta faɗa. Shi ya sa yanzu kwafin sashen dokar da ya shafi wannan yana cikin durowar teburin karɓar baƙi, don a sami abin nunawa.

Ko takardar shaidar mutuwa sai da aka dawo mini da ta farko. Na rubuta cewa zuciya ce ta tsaya, kamar yadda na rubuta sau ba adadi. Jami'in rajista ya ce ai kowa zuciyarsa tsayawa take yi, me ya tsayar da ita? Fom ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara yana so ka bi sarƙar daga abin da ya kashe kai tsaye, layi bayan layi, har zuwa cutar da ta fara jawo komai, kuma wannan ta layin ƙasa ita ake ƙirgawa a alƙaluman ƙasa.

Abin da na sauya a aikina bayan wannan duka ba shi da yawa. In aka ce mini doka ce, nakan tambaya ta wa: majalisa ce ta yi ta, ko hukumar likitoci, ko kamfanin inshora, ko shugaban asibiti, ko kuwa haka kawai aka tarar? Kowanne da nauyinsa. Ta majalisa ana iya gurfanar da kai a kanta, ta hukuma lasisinka take taɓawa, ta kamfani aljihunka, ta asibiti aikinka, ta ƙarshen kuwa ba ta taɓa kowa sai majinyacin da aka sa ya jira. Nakan nemi a nuna mini a rubuce, in duba shekarar, domin sau biyu an nuna mini takardar da aka riga aka soke. In jami'i ya ba ni amsa da baki, nakan aika masa da saƙo in maimaita abin da na fahimta, in ajiye amsarsa. Ba na zuwa ofis ta hannun ɗan tsakiya kafin in je da ƙafata. Kuma na daina ɗauka cewa duk gyaran sassauci ne. Lasisin da ya ƙare, da inshorar da ba ta bi ni ba, da sirrin mamaci, duk wurare ne da nake sakaci ina ganin ina daidai. Ƙa'idar asibiti ma ba abin raini ba ce don kawai ba doka ba ce. Wasu an yi su ne bayan an yi rashi, kuma mun riƙe da yawa da saninmu, irin su karanta sunan majinyaci da ƙarfi kafin a ɗaura jini.

Muna da wani babban littafi a ofis yanzu, duk ƙa'idar da muke bi tana da layinta, da inda ta samo asali, da ranar da aka duba ta ƙarshe. Duk wata uku mukan zauna da ma'aikata mu bi shi. A zaman da ya wuce, mai kula da fayiloli ya kawo maganar cewa ba a rubutu a fayil sai da baƙin biro, wai shuɗi haramun ne a kotu. Muka nema a dokar, a littafin hukumar, a yarjejeniyar kamfanoni, muka tambayi lauyar, babu. Abokiyar aikina ce ta tuna cewa tsohuwar na'urar kwafi ta asibitin da muka baro ba ta ɗaukar shuɗi sosai. Mun gwada tamu, tana ɗauka. Muka soke layin, amma har yanzu shi da baƙi yake rubutu.